Askar Ranar Laraba

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, inda rufin ya karkace har dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya kai ga kujera. Kujerar guda ce, mai majinginar kai da ake ɗagawa a sauke. Madubin ya fara baƙi daga gefe. Akwai ɗan famfo da kwanon wanke hannu, da risho na dafa ruwa, da bencin masu jira wanda rabon da wani ya jira a kansa har an manta. A jikin ƙofa, a kan ƙusa, wata doguwar fata ce ke rataye, ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda shafa. Mai shagon kuwa duk layin Baba Sannu suke ce masa, don ba a taɓa ganin ya yi wani abu da gaggawa ba, ko da tsallake titi ne.

Kowace safiya, kafin ya ɗora ruwan shayi, sai ya buɗe akwatin katako ya ɗauko askarsa. Irin mai naɗewa ce, bakinta na shigewa cikin ƙotar ƙaho. Ya kama ƙarshen fatar da hagu ya ja ta miƙe, ya kwantar da askar a kai, ya tura ta bayanta na gaba bakinta na biye. In ya kai ƙarshe sai ya mirgina ta ta kan bayanta ya dawo. Wanda bai sani ba zai ɗauka kaifi yake ƙara mata, alhali ba haka ba ne. Fata ba ta cin ƙarfe. Bakin aska ya fi silin gashi siriri, in ya bi ta kan gemu sai ya ɗan lanƙwashe yadda ido ba ya gani, fata kuwa ita ke miƙar da shi ya koma daidai. Dutse shi ne mai ci. Dutsen washin nasa yana can ƙasan akwati a nannaɗe cikin tsumma, sai a daɗe bai ga rana ba.

Haka ya koya a wurin mijin gwaggonsa, wanda ya fara riƙe shagon, wani masifaffen dattijo da bai iya yabo ba. Shi ne ya karɓe shi yana matashi bayan iyayensa sun rasu, ya sa shi share gashi da wanke tawul har ya gaji, kafin ya yarda ya taɓa ƙotar aska. Ranar da ya nuna masa dutsen, cewa ya yi, "Fata kullum. Wannan kuwa sai askar ta roƙe ka, ta sake roƙon ka. Duk wanda ka ga yana yawan kai aska kan dutse, ba shi da aikin yi ne." Da dattijon ya rasu, shago da kujera da aska suka dawo hannunsa, har da rabin masifar.

A shagon nan ya yi ƙuruciyarsa ya gama. Daga nan ya auri wata mai aikin guga a gidan wanki na bayan layi, mace mai dariya, wadda ta fara yi masa magana ne don ta tambaye shi me ya cinye gashin hannunsa na hagu. A nan yake gwada kaifi, shi ya sa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu fes yake kamar na jariri. Har ta bar duniya ba ta daina cewa ta auri mutum mai hannu ɗaya na namiji ɗaya na yaro ba. Sun haifi biyu. Macen tana aure a wani gari mai nisa, namijin yana aikin jirgin ruwa. Suna kira, ba za a yi musu ƙarya ba, amma irin kiran nan ne na 'ya'yan yanzu, a tambaye ka ƙafa da hawan jini, kafin ka gama gyara murya an ce maka sai anjima. Bayan rasuwar matar ya saki gidan da suke haya, ya koma wani ɗaki a saman benen, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta.

Da, ba ya samun sararin shan ruwa. Benci ya cika, wasu a tsaye a bakin ƙofa, ana gardamar ƙwallo da tsadar kaya. Sai shagunan inji suka buɗe, masu kiɗa da talabijin da madubi bango guda. Sai aka fara cewa aska ɗaya a fuskoki da yawa tana yaɗa cuta. Ya ce da gaskiyarsu, ya riƙa tsoma ta a ruwan magani a gaban kowa, amma wanda ya tafi ya tafi. Tsofaffin da suka rage kuwa, ɗaya bayan ɗaya ya raka su makwancinsu. An sha ba shi shawara ya sayi inji, ya ce shi ba zai yi wa mutum huɗa a fuska ba. Taurin kai ne, kowa ya sani, amma taurin kan mutumin da ya iya abu ɗaya a duniya kuma ya iya shi sosai. Yanzu sai a wuni bai ga kowa ba, in ban da mai son a rage masa suma da almakashi, shi ma jifa-jifa. Mai son aska a gemu kuwa saura mutum ɗaya, Tela.

Tela tsoho ne kamarsa, ɗan gajere mai ƙaton gashin baki, wanda ya ajiye keke tun da idonsa ya fara hazo. Kowace Laraba da hantsi yake zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Mahauci, an fara yanka?"

"Kai muke jira. Shigo, mai wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Wandon nan Tela ya ɗinka masa shi ne tun suna da baƙin gashi, kuma har yau bai amsa laifinsa ba, ya nace cewa ƙafafun Baba Sannu ne ba daidai ba.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Sai ruwa ya yi zafi, a jiƙa tawul a matse, a rufe fuskar da shi har gashin ya yi laushi. Sai a kaɗa sabulu a kofi da buroshi har kumfa ta tsaya da kanta. Sai a koma kan fata a sake bi. Duk tsawon wannan Tela ke magana, ya zagi likitoci, ya zagi masu ɗinkin zamani, ya ba da labarin jikokinsa. Amma da zarar askar ta sauka ƙasan haɓarsa dole ya tsuke baki ya lumshe ido. To a nan ne Baba Sannu ke buɗe nasa. Duk abin da ya tara a mako, mafarkin da ya yi da matarsa, ɗan da bai kira ba, ciwon da yake ji a kafaɗa, sai aska tana kan maƙogwaron Tela yake faɗa. Ba ya iya faɗa wa mutumin da ke kallonsa. Tela ba ya amsawa sai da ɗan gurnani ta hanci, kuma in ya tashi daga kujera ba ya taɓa tayar da maganar. Shekara da shekaru suna haka, babu wanda ya san ƙofar gidan wani. Baba Sannu bai taɓa kiran abin abota ba. Ya dai san cewa daga Alhamis yake fara jiran Laraba.

Wata Laraba ruwa ya tafasa ya huce, Tela bai zo ba. Ta gaba ma haka. Baba Sannu ya kasa zaune ya kasa tsaye, ga shi ba shi da wanda zai tambaya, don ko lambar wayar mutumin ba shi da ita. Sai da wata ya kusa shuɗewa sannan tasi ta tsaya a bakin shagon. Wata mata ta fito, mai tsayin fuska da jakar hannu, ta buɗe ƙofar baya ta kamo Tela. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gemu ya fito fari fat ya rufe masa kumatu.

"Mahauci," ya ce, muryar ba ta fita sosai, "likitoci sun so su riga ka yanka, ban yarda ba."

Matar ta zaunar da shi a kujera, ta juyo ta gaida Baba Sannu da ladabi. Babbar 'yar Tela ce, ita ke riƙe da shi tun da zuciyarsa ta buga aka kwantar da shi a asibiti. Ba ta da wasa a fuska, amma ba ta da raini.

"Baba, zan faɗa maka gaskiya. Ni ban so kawo shi ba. Likita ya ɗora shi kan maganin tsinka jini, ko ƙaya ce ta soke shi jinin ba ya tsayawa da wuri. Na saya masa inji a gida, ya ce sai dai a binne shi da gemun. Ya ƙi cin abinci a kan maganar nan."

"Ban taɓa yanka shi ba, 'yata."

"Ya faɗa mini. Amma fatarsa ba ta da ba ce, duba ka gani. Na yarda in riƙa kawo shi. Ranar da na ga jini kuwa, ko ɗigo ne, to an gama. Kada ka ga laifina."

"Ba zan gani ba," in ji shi.

Da ya ɗora yatsunsa a kuncin Tela sai ya ga gaskiyarta ce. Fatar ta saki, ta yi taushi, tana bin yatsa duk inda ya ja ta. Ya yi askin ranar da numfashi a riƙe, bai ce uffan ba har ya gama, ga 'yar zaune a benci tana kallon hannunsa. An tashi lafiya. Amma da tasi ta tafi sai ya ga tawul ɗin da ke kafaɗarsa ya jiƙe da zufarsa.

Washegari ya zauna a shagon shi kaɗai yana ta saƙa da warwara. Aska mai kaifi ba ta yanka mutum, wadda ta dakushe ce ke yanka, don ita ake dannawa. Wannan gaskiya ce, kowane mai aski ya san ta. Saboda haka, in ji zuciyarsa, in askar ta yi kaifin da ba ta taɓa yi ba, ba sai ya danna ko kaɗan ba, gashin zai zube da kansa. Ya buɗe ƙasan akwati ya kwance tsumman.

Dutsen ruwan toka ne, santsi kamar sabulu, tsakiyarsa ta ɗan lotsa saboda hannun mutum biyu. Ya jiƙa shi, ya kwantar da askar, wannan karon bakinta ne a gaba, saɓanin fata. Ya tura a hankali ba tare da ya ɗora mata nauyin da ya wuce nata ba, ya mirgina, ya dawo. Ruwan ya fara yin baƙi-baƙi, wato ƙarfe ke nan yana narkewa. Ya wanke, ya bi ta kan fata, ya gwada a hannunsa. Gashin ya tashi tun kafin bakin ya taɓa jiki. Da a nan ya tsaya, da babu labari.

Larabar da ta biyo askin ya tafi sumul, 'yar har ta ɗan saki fuska ta fita sayen magani ta bar su. Baba Sannu ya samu ya faɗa wa maƙogwaron Tela cewa ya yi kewarsa, ko da yake ba haka ya faɗa ba, cewa ya yi shagon ya yi shiru da babu mai zagin likitoci. Tela ya yi gurnaninsa. A ransa Baba Sannu ya ba dutse ladan wannan rana, shi ya sa da gari ya waye ya sake ɗauko shi.

Daga nan abin ya zama masa jiki. Me zai yi da wunin? Titi na ta wucewa a bakin ƙofa, babu mai shigowa. Fata ba ta ɗaukar lokaci, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama da ita. Dutse kuwa yana cinye hantsi guda, ya ba hannu abin yi, ya ba kunne wannan 'yar ƙara mai daɗi kamar ana shara a nesa, kuma duk tura ɗaya sai ya ji kamar yana tsare Tela ne daga wani abu. Ya gwada a hannun hagu har babu sauran gashi, ya koma na dama, ya koma ƙwauri. Mai gyaran takalmi da ke zama a gefen matakalar ya leƙo wata rana ya ce, "Baba, wannan askar yaƙi za ta ne?" Baba Sannu ya ci gaba da washinsa. Ba wai ya manta maganar mijin gwaggonsa ba ne, tana nan a kunnensa. Sai dai tsoro ya fi ta ƙarfi, kaɗaici kuma ya ba tsoron fili ya miƙe ƙafa.

Abin da dutse ke yi in an wuce da shi, yana sirantar da bakin aska har ya zama ba shi da abin da zai jingina a kai. A hannu za ta yi maka abin mamaki, ta tsinke gashi a iska. Amma gashin hannu ba gemu ba ne. Gemun tsoho kamar waya yake, in irin wannan bakin ya ci karo da shi sai ya naɗe, ya ɓalle, ya bar ƙananan haƙora da ido ba ya gani.

Ranar da abin ya faru an tashi da rana mai kyau. Tela ya zo da ƙarfinsa, har ya buga sanda a bakin ƙofa. 'Yar ta zauna a benci tana duba wayarta. Kuncin dama ya tafi lafiya. A kuncin hagu Baba Sannu ya ji askar ta ɗan ja, ƙarar ta sauya daga shuu zuwa wani ƙaras-ƙaras. Hannunsa ya sani kafin kansa ya sani. Kamata ya yi ya tsaya, ya ce yau a haƙura da rabin gemu. Amma tsayawa na nufin ya faɗa a gaban 'yar cewa askar ba ta da lafiya. Ya koma kan fata ya bi ta da sauri, shi da ba ya sauri, ya dawo ya ɗaga haɓar Tela da yatsa biyu.

Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, a ƙasan muƙamuƙi, inda fata ta yi ninki. Tela ko motsi bai yi ba. Kumfar wurin ce ta fara yin ja. Baba Sannu ya dangwala ɗan farin dutsen alif, wanda ke tsayar da irin wannan kafin a ƙifta ido, jinin ya ɓullo ta gefensa. Ya danna tawul. Ya ɗaga, yana nan. Ya sake dannawa.

"Ba komai ba ne," in ji Tela ƙasa-ƙasa, idonsa a rufe. "Tsaya a gabana kada ta gani."

Ta riga ta gani a madubi. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta ciro auduga daga jakarta ta karɓi wurin daga hannunsa, ta kira tasi. Jini ya ɓata wuyan rigar Tela har ƙirji kafin motar ta iso. Ta kama mahaifinta suka fita, rabin fuskarsa fes, rabi da busasshiyar kumfa. A bakin ƙofa ta juyo.

"Baba, mun yi magana."

"Mun yi, 'yata."

Da suka tafi ya fito da askar bakin ƙofa ya karkata ta a rana. Bakin aska mai lafiya ba ya ƙyalli, don ba shi da faɗin da haske zai zauna. Wannan kuwa tana ta walƙiya nan da can tun daga ƙota har tsini. Ya daɗe yana kallo. Bai zargi ƙarfe ba, bai zargi tsufan fatar Tela ba. Ya san wanda ya yi, kuma ya san da ƙauna ya yi, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Gyaran ba wuya gare shi ba. Ya goga bakin a gefen kofin gilashi, da gangan, har ya mutu murus, don sai an kashe ɓataccen baki ake samun sabo. Ya koma kan dutse a hankali, ya tsaya a inda ya kamata ya tsaya, ya nannaɗe dutsen ya mayar ƙasan akwati. Ya bi fata. Askar ta dawo yadda take a zamanin da benci ke cika. Ya shafa mata mai don tsatsa, ya naɗe ta. Babu fuskar da zai ɗora ta a kai.

Laraba ta zo ya ɗora ruwa, don hannu ya saba. Ya tafasa ya huce. Mai gyaran takalmi ne ya kawo masa labari cewa an tsayar da jinin a asibiti tun a ranar, Tela yana gida lafiya lau. Ya ji daɗi, ya kuma ji wani abu mai kama da haushi, wato duniya na tafiya ba da shi ba. Ɗansa ya kira daga wata tashar jirgi ya tambayi ƙafa da hawan jini, ya ce duk lafiya. Abin da ya tara na makonni yana nan a ƙirjinsa kamar abincin da bai narke ba. Wani lokaci sai ya tsinci kansa yana magana da kujera, ya ji kunya ya yi shiru.

Sai da ya ga abin zai kayar da shi sannan ya yi ta maza. Wata Laraba ya sa rigarsa mai kyau, ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai yi ba tun rasuwar matarsa. Bai ɗauki akwati ba. Da tambaya ya samu gidan, wurin mai kanti da wurin wata mai sayar da zare, ashe ma ba nisa. Hawa na biyu ne, ƙofa mai koren fenti. 'Yar ce ta buɗe. Ta dubi hannayensa ta ga ba komai, sannan ta matsa.

"Sannu da zuwa, Baba. Shigo, yana falo."

Tela yana zaune kusa da taga da bargo a gwiwa, tsohon kekensa a kusurwa an rufe shi da zane an ɗora rediyo a kai. Gemun ya zama abin tausayi, wani wuri an ci, wani wuri an bari, gashin bakin ma an gutsure gefe ɗaya. 'Yar ta jawo kujera ta ajiye a gabansa, daf da daf, ta kawo shayi ta koma kicin.

Suka gaisa. Ya jiki, da sauƙi. Ya shago, lafiya. Daga nan magana ta ƙare. Baba Sannu ya san kowane lungu na fuskar nan, ya san inda gashi ke juyawa a ƙasan kunne, amma bai taɓa zama a gabanta tana kallonsa ba. Ya dubi kofi, ya dubi rediyo, ya dubi takalmansa. Tela ya buɗe baki kamar zai ce mahauci, ya fasa, don yanzu kalmar ba ta da daɗin faɗa. Agogon bango yana ta aikinsa. Shayin ya huce a hannunsu.

Baba Sannu ya fara shirin tashi ke nan sai 'yar ta fito da wani abu a hannu, baƙin inji ɗan ƙarami mai cajin wuta.

"Baba, ka ga dai yadda nake yi masa. Ni ban iya ba, kullum sai mun yi faɗa. Wannan ba ya yanka. Ko za ka taimaka?"

Ya dubi injin. Abin da ya ƙi taɓawa ke nan tun yana da ƙarfinsa, abin da ya kwashe masa benci. Ya dubi Tela, ya ga ya riga ya jingina kai a bayan kujera ya lumshe ido. Ya miƙa hannu ya karɓa. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar abin wasan yara. Ta nuna masa inda ake dannawa, ta yafa wa mahaifinta tawul, ta bar su.

Ya zagaya ya tsaya a bayan kujerar, ya ɗora yatsu biyu a haɓar Tela ya ɗaga. Nan take ya ji harshensa ya saki, maganar makonni ta taso masa har wuya. Ya danna injin. Ƙugin ya cika falon, ya bi hannunsa har kafaɗa. Ya fara cewa, "Ɗan nan nawa ya kira shekaranjiya," amma ko shi bai ji muryarsa ba. Babu ruwan da za a jira ya yi zafi, babu kumfar da za a kaɗa, babu fatar da za a koma a bi. Injin ya share kuncin dama, ya share na hagu, ya bi ta kan ɗan tabon da ke ƙasan muƙamuƙi bai ko san da shi ba. Ya daidaita gashin bakin. Ya duba, babu abin da ya rage. Ya kashe.

Tela ya buɗe ido ɗaya.

"Har ka gama?"

"Na gama."

Daga kicin ana jin ƙarar kwanuka. Tela ya zaro hannu daga ƙarƙashin tawul ya shafa haɓarsa a hankali, ya shafa kunci, ya tsaya a wani wuri kusa da kunne.

"Nan akwai saura," ya ce, ya mayar da kai ya rufe ido.

Baba Sannu ya kai yatsa wurin. Fes yake, ko sili ɗaya babu.

"Akwai kam," ya ce. Ya sake kunna injin.